Tsakiyar garin wane birni ce ta fi a Amurka? Ga yadda na jera su, ku zo mu tattauna

Baban Khalifa:
Assalamu alaikum jama'ar gida. Jiya sai da muka raba dare da wani abokin aikina muna gardama a kan maganar nan, shi ne nace bari in kawo ta nan tunda Allah Ya sa a warwatse muke, kowa da garin da yake zaune. Shekarata 16 a ƙasar nan kuma aikina na yawo ne, duk inda kamfani ya samu kwangilar haɗa na'urori a sabon gini can ake tura mu, wani wajen sati biyu wani wajen wata huɗu, kuma kusan ko yaushe a ƙwaryar birni ake sauke mu, daun tawun ɗin nan dai. Toh ni ma'aunina ɗaya ne, in na tashi aiki ƙarfe shida na yamma ko ranar Lahadi da hantsi, zan iya fitowa da ƙafata ba mota in samu mutane, in samu abinci, in samu inda zan zauna in huta? Ba tsawon bene nake aunawa ba. Da wannan ma'aunin Niyok ce ta ɗaya ba gardama, sai Shikago, sai Filadelfiya, sai Boston, sai Washintan, San Faransisko, Siyatil. Daga nan akwai tazara mai yawa kafin ka zo kan Los Anjalis da Miniyapolis da Ditroit. Atlanta da Dalas da Hiyuston da Finiks su ne a ƙasa. Na san mutanen Hiyuston suna da yawa a gidan nan, ku yi haƙuri, abinda idona ya gani na faɗa.

Bakatsine a Hiyuston:
Wa alaikumus salam. Haba Baban Khalifa, birni na huɗu mafi girma a Amurka ka jefa shi can ƙasa haka? Ina ga dai a saman titi ka tsaya ka duba kaga ba kowa ka yanke hukunci. Mutanen suna ƙarƙashin ƙasa fa, akwai hanyoyi da aka haƙa a ƙasan gine-ginen nan wajen mil 6, da gidajen abinci da masu aski da kantuna duk a ciki da sanyin AC, saboda zafin watan Agusta a nan ba wanda zai yarda ya taka titi da kwat da rana tsaka. Sannan ga wajen shaƙatawa na Discovery Green, ga filayen wasan ƙwallo duk a cikin gari, ga masallacin da tsohon ɗan wasan ƙwallon kwando Hakeem Olajuwon ya sayi tsohon ginin banki ya mayar, ka taɓa Juma'a a ciki kuwa? Ka ɗaga kai ka kalli rufinsa kawai.

Baban Khalifa:
Na yi Juma'a a ciki ya fi sau goma, masallaci ne mai kyau wallahi, Allah Ya saka masa. Hanyoyin ƙarƙashin ƙasan ma na san su, nan muke cin abincin rana. Amma Malam ƙarfe nawa ake rufe su? Yamma na yi an kulle, Asabar da Lahadi kuma ko buɗewa ba a yi. Bari in ba ka abinda ya same ni. Azumi ya kama ni a can, ranar wata Lahadi na fito bayan la'asar ban ɗauki mota ba nace bari in samo abin buɗa baki kusa-kusa, na yi tafiya ta fi ta minti arba'in, bango sai bango, gilashi sai gilashi, filin fakin sai filin fakin, in ka ga ƙofa da alamar gidan abinci ka matsa sai kaga kujeru a kife kan tebura. Mutum uku na ƙirga a wani dogon layi, biyu daga ciki masu gadi ne. Magariba ta yi min a gefen titin jirgi da ruwan gora da dabino uku da na sako a aljihu. Garin da yake da mutum sama da miliyan 2 fa kenan.

Bakatsine a Hiyuston:
Toh ai da ka kira wani cikinmu an zo an ɗauke ka, minti ashirin kana titin Bissonnet ko Hillcroft kana zaɓar abinda za ka ci, tuwo ma sai ka samu. Hiyuston ba tsakiya ɗaya gare ta ba, akwai Galleria, akwai Medical Center wanda shi kansa gari ne guda.

Baban Khalifa:
Ka ga ka faɗi maganata da bakinka, sai an zo an ɗauke ni a mota. Ban ce Hiyuston ba daɗin zama ba, gida da araha, aiki akwai, 'yan uwa ga su nan. Tsakiyar garin nake magana.

Hajiya Nas:
Salam. Ni aikin jinya na kwangila nake, wata uku-uku ake yi a kowane asibiti, saboda haka na zauna a garuruwa bakwai cikin waɗanda ka lissafa. Gyarana ɗaya ne Baban Khalifa, Filadelfiya ta fi Shikago in dai da ma'aunin da ka kawo ne. Dalili kuwa a Center City, wato tsakiyar Filadelfiya, mutane na kwana, ba wai zuwa aiki kawai suke su watse ba. Gidajen jan bulon nan masu hawa uku a 'yan siraran lunguna suna nan manne da ofisoshi, ka fito daga duti ƙarfe bakwai da rabi na dare kaga uwa na tura keken jariri, tsoho na zaune a bakin ƙofarsa, yara na dawowa daga wasa. Tun 1682 William Penn, wanda ya kafa garin, ya zana shi tsakanin koguna biyu ya bar filaye biyar, kuma har yau Rittenhouse Square cike yake da mutane kowace yamma. Daga wannan kogi zuwa wancan bai wuce mil biyu ba, da ƙafa nake yi. Ga Reading Terminal Market, kasuwa ce ta gaske ba ta baƙi kaɗai ba, nan nake cefane, kifi da ganye da kaza, 'yan Amish ɗin nan, manoman ƙauye masu gudun kayan zamani, da hulunansu suna sayar da madara da burodi, sai dai su ba sa fitowa ran Lahadi. Wani abu kuma da ku maza ba lallai ku lura ba, ban taɓa zama garin da na sa hijabina na ji ba wanda ya ko waiwayo ba kamar Filadelfiya, Musulmi baƙaƙen fata sun yi yawa, direbar bas da niƙabi, ma'aikaciyar banki da hijabi, sallama ta ko'ina.

Maman Ilham:
Anti wannan gaskiya ne, ni ma da muka je sai da nace wa Baban Ilham kamar ba Amurka ba. Amma datti fa? Tashoshin jirgin ƙasan nan nasu wari kamar me.

Hajiya Nas:
Akwai datti ƙanwata, ba zan ɓoye ba, kuma gabashin Market Street ya mutu sosai, kantuna da yawa a rufe. Amma gara min gari mai datti da mutane a kan mai tsafta da ba kowa, musamman in zan dawo gida ni kaɗai da dare.

Bazazzagin Shikago:
Hajiya da girmanki amma ban yarda ba. Ku tsaya a kan gadar Michigan Avenue da yamma ku kalli kogi ta hagu da dama, sannan ku gaya min wane gari ne a ƙasar nan ke da irin wannan. Tsakiyar garin nan ta ƙone ƙurmus a 1871 aka sake gina ta, a nan aka fara dogon bene mai ƙashin ƙarfe a 1885, a nan aka juya kogi ya koma gudu da baya a 1900 don kada ƙazanta ta shiga tafkin da ake shan ruwansa. Willis Tower hawa 110, mu dai har yau tsohon sunansa Sears muke ce masa. Sannan abinda ya fi burge ni, bakin tafki ba a sayar wa masu kuɗi sun katange ba, fili ne na kowa, ka fito daga ofis ka tsallaka titi kana Millennium Park, ka ƙara gaba kaɗan ƙafarka na cikin yashi. Jirgin ƙasan cikin gari da ake kira L yana zagaye Loop, ƙwaryar birnin, a sama kana jin ƙararsa, layin ja da shuɗi awa 24 suke aiki, daga filin jirgin O'Hare har tsakiyar gari ba sai ka hau tasi ba. Masallaci kuma ga Downtown Islamic Center nan a State Street, Juma'a sahu-sahu har hawa na sama. Filadelfiya gaba ɗayanta ai ba ta kai unguwanninmu na River North da West Loop in an haɗa ba.

Hajiya Nas:
Kyau kam Shikago ta fi, ban musa ba. Amma ka shiga LaSalle Street ƙarfe takwas na dare ka gani, shiru kamar an yi shara. Sannan sanyi, Malam. Ina can a Janairun 2019 lokacin da har wuta aka riƙa kunnawa a kan layin dogo don kada ya daskare, hawayen da iska ta sa na yi a kan gashin idona ya ƙanƙare kafin in kai tasha. Wata huɗu a shekara bakin tafkin nan da kake yabo ba ya shiguwa.

Bazazzagin Shikago:
LaSalle layin bankuna ne, dole ya yi shiru, kuma yanzu haka ana mayar da wasu tsofaffin ofisoshin wajen gidajen haya. Sanyi kuma na yarda. Abinda ni ke ƙona min rai da garin daban ne, kuɗin fakin. A 2008 hukumar birni ta ba 'yan kasuwa hayar mitocin fakin na tituna har shekara 75 a kan kuɗi dala biliyan ɗaya da 'yan kai, jikokinmu ma sai sun biya.

Ɗan Zangon Kumasi:
Salamu alaikum manya. Kowa ya ce Niyok ta ɗaya ya wuce, ba wanda ya tsaya a kai, toh ni da nake tuƙa tasi a cikinta shekara 21 bari in ce wani abu. Na farko wace tsakiyar? Don mu biyu gare mu. Akwai Midtown wajen Times Square da Grand Central da Empire State, akwai kuma can ƙasan Manhatan wajen Wall Street, wanda shi ne asalin inda kalmar daun tawun ta fito. Da can Wall Street ƙarfe bakwai na dare ko kare ba ka gani, in ka sauke fasinja sai ka dawo wayam, amma bayan 2001 aka mayar da tsofaffin ofisoshi gidaje, yanzu da safe yara 'yan makaranta nake ɗauka a wajen. Na biyu, Alhaji, wannan wuri ba namu ba ne. Mu muna Buronks, muna Harlem, mu shigo mu yi aiki mu fita. Ɗaki ɗaya a can kuɗin hayarsa ya fi abinda wani ke samu a wata. Direba ya yi awa goma bai samu bayan gida ba, bai samu inda zai ajiye mota ya yi sallah ba sai a gefen titi a kan kwali. Tun 5 ga Janairun 2025 kuma in ka shiga ƙasa da layi na 60 a Manhatan da motarka dala 9 ce. Gaskiya cunkoso ya ragu, na gani da idona a bakin ramukan shigowa daga Niyu Jazi, amma talaka mai tsohuwar mota shi ya ji a jikinsa.

Baban Khalifa:
Duk abinda ka faɗa haka ne Yaya, Allah Ya dafa muku. Amma ka duba ta nan, ƙarfe uku na dare na taɓa saukowa daga aiki a layi na 53, na samu layin mutane a wajen masu shinkafa da kaza na halal ɗin nan na bakin titi, na ci, na shiga jirgin ƙarƙashin ƙasa na koma masauki. Tasha 472 kuma ba a rufewa. Wane gari ne zai ba ka wannan? Talaka ma yana da rabonsa, jirgin ruwan Staten Island kyauta ne dare da rana.

Ɗan Zangon Kumasi:
Wannan kam babu. Ni ma ban ce a sauke ta daga ta ɗaya ba, so nake a san wa ke cin moriyarta. Kuma duk wanda ya zo, kafin ya je ɗaukar hoto da sân ƙarfen nan na Wall Street, ya tsaya a African Burial Ground kusa da ginin hukumar birni, maƙabartar bayi ce 'yan Afirka da aka tono a 1991 ana haƙa harsashin gini. Na kai fasinjoji wajen ya fi a ƙirga kafin wata rana na faka na shiga da kaina, na daɗe a tsaye.

Abban Sadiq Kaduna:
Mu da muke gida muna karatu muna ƙaruwa. Tambayata, me ya sa gari mai mutum miliyoyi tsakiyarsa za ta zama ba kowa? Abin ya yi min kama da Central Area ta Abuja da daddare.

Malam Injiniya:
Abban Sadiq kwatancenka ya yi daidai, kuma ciwon iri ɗaya ne, an ware wajen aiki daban wajen kwana daban an haɗa su da titi. Amma su a nan ba haka suka taso ba, rusawa aka yi. Ka nemi tsofaffin hotunan Hiyuston ko Atlanta ko Ditroit na wajen 1940, za ka ga titi maƙil da mutane da taragon lantarki da manyan kantuna. A 1956 zamanin shugaba Eisenhower aka yi dokar manyan hanyoyi, gwamnatin tarayya na biyan kashi 90 cikin 100 na kuɗin, toh wane gwamna ne zai ƙi? Sai aka ratsa hanyoyin ta tsakiyar birane, kuma kusan ko'ina ta unguwannin baƙaƙen fata aka bi. A Ditroit an shafe Black Bottom da Paradise Valley, a Atlanta an raba Auburn Avenue gida biyu, layin da aka haifi Martin Luther King kenan. Turawa masu hali suka samu bashin gida mai sauƙi suka koma bayan gari, kantuna suka bi su, a shekarar 1956 ɗin dai aka buɗe Southdale kusa da Miniyapolis, rufaffen mol na farko. Wanda ya koma bayan gari da mota zai zo aiki, motar na son wajen ajiya, sai a rushe tsohon gini a shimfiɗa kwalta a zana layi. Filayen fakin da Baban Khalifa ya yi ta wucewa da azumi a bakinsa, yawancinsu da gine-gine ne. Garuruwan da ke saman jerin nan kuwa duk tsofaffi ne da suka cika suka batse kafin mota ta zo, kuma ba su yar da jiragensu ba. Ka duba jerin da kyau za ka ga kusan jerin ƙarfin jirgin ƙasa ne.

Bakatsine a Hiyuston:
Wannan bayani na karɓa Injiniya. Babban titinmu Katy Freeway wani wajen ya haura layi 20 in ka haɗa da na gefe, kuma duk da haka go-slow ake yi.

Malam Injiniya:
Shi ya sa nake ganin Boston ta cancanci fiye da na huɗu. Su sun gane kuskuren sun biya kuɗin gyara, babbar hanyar sama da ta raba su da bakin teku suka tura ta ƙarƙashin ƙasa, aikin Big Dig, daga 1991 har 2007, kusan dala biliyan 15, yanzu wajen lambu ne kana takawa daga Quincy Market ka shiga North End ba ka san da wata hanya ba. Jirgin ƙarƙashin ƙasa na farko a Amurka ma nasu ne, 1897.

Baban Khalifa:
Boston na so ta, ranar Juma'a da Asabar ina zuwa Haymarket sayen kayan marmari da araha. Abinda ya hana ta hawa, gari ne mai kwanciya da wuri, wajen ƙarfe ɗaya jirgi ya tsaya, kuma tsakiyar ƙarama ce, kwana biyu ka gama ta.

Maman Ilham:
Washintan fa? Ni ita ce ta ɗaya a wajena saboda yara. Gidajen tarihin Smithsonian duk kyauta, mu wuni tun safe ba mu kashe ko sisi ba sai na abinci. Kuma ba dogayen benayen nan masu tare rana, ance doka ce kada wani gini ya fi Capitol, ginin majalisar dokoki, tsawo.

Malam Injiniya:
Maman Ilham dokar akwai amma ba Capitol take aunawa ba, mutane da yawa haka suke ɗauka. Dokar 1910 ce, faɗin titin da ke gaban gini ake dubawa a ƙara ƙafa 20, kuma a yawancin titunan kasuwanci ba a wuce ƙafa 130. Shi ya sa gine-ginen K Street duk kansu ɗaya kamar an yanke da wuƙa.

Hajiya Nas:
Kuma National Mall ba tsakiyar gari ba ce ƙanwata, fili ne na baƙi. Ainihin wajen ofisoshin tunda korona ta sa ma'aikata suka saba aiki daga gida ya yi sanyi. Rayuwar Washintan tana Dupont da U Street da Georgetown.

Abban Sadiq Kaduna:
San Faransisko kuma ni bidiyon da nake gani a waya tsoro yake ba ni, mutane a sunkuye a titi kamar gawa, kantuna a rufe. Ya aka yi ta zo ta shida?

Ummu Hanan Oakland:
Yawwa na jira a zo nan. Kullum ta jirgin ƙasa na BART nake tsallakawa aiki saboda haka ba labari aka ba ni ba. Bidiyon gaskiya ne amma layuka kaɗan ake ɗauka ana maimaitawa, Tenderloin da wani yanki na Market Street, kuma abin tausayi ne wallahi, ƙwayar fentanil ta gama da bayin Allah, akwai wata yarinya da nake gani kusa da tasha shekarunta ba su fi na 'yata ba, wata rana na miƙa mata ayaba ta kasa ɗago hannu ta karɓa. Korona ta bugi garin fiye da kowa don aikin kwamfuta ne ya riƙe shi, kowa ya koma gida da laftof ɗinsa, sai da kusan kashi ɗaya cikin uku na ofisoshi suka zama wayam, Nordstrom ta rufe babban kantinta a 2023. Amma ka taka minti goma daga nan kana Chinatown, tsofaffi na cinikin kifi da ganye ba masaka tsinke, ka wuce North Beach, ka gangara Ferry Building ran Asabar kasuwar manoma. Wajen nan ma da hanyar sama ce ta tare shi, girgizar ƙasar 1989 ta lalata ta aka rushe. Ƙashin garin lafiya lau yake, jinya yake yi. Ni a sama da Washintan zan sa shi.

Baban Khalifa:
Kafin 2020 ni na uku ma zan sa shi. Zuwana na ƙarshe ne ya sa na sauke shi, Union Square da na sani da wadda na tarar ba ɗaya ba. Siyatil ma haka, kasuwar Pike Place tun 1907 tana ci, bakin ruwa ya yi kyau tunda aka cire gadar sama a 2019, amma Third Avenue da magariba sai ka riƙe jakarka da kyau.

Ɗan Damagaram:
Lahiya lau jama'a. Ni ina Greensboro inda 'yan Nijar muka taru, garinmu ƙarami ne bai shiga wannan gasa ba. Amma na yi shekara biyu a Miniyapolis kuma ina so a ɗaga ta. Gari ne da tun 2023 aka yarda a yi kiran salla da lasifika sau biyar har asuba. Ranar da na fara jin sa a Cedar-Riverside wajen 'yan Somaliya tsayawa na yi cak a kan dusar ƙanƙara. Kuma gadojin gilashin nan da suka haɗa gine-gine a hawa na biyu, wajen mil 9, kana yawo cikin gari da riga ɗaya alhali waje sanyi na kisa.

Malam Injiniya:
Kiran salla ni'ima ce babba. Amma gadojin nan su ne irin ramukan Hiyuston, sama kawai aka kai su. Sun kwashe mutane da kantuna daga titi, in an kulle su da yamma sai a rasa duka biyun, sama a rufe ƙasa ba kowa. Titin Nicollet Mall an kashe kuɗi an gyara amma mutanen na bisa kansa suna wucewa.

Ɗan Damagaram:
Toh Malam in ba su wa zai fito a watan Janairu?

Malam Injiniya:
Shikago ma na da sanyi kuma mutane na fitowa, don akwai abinda zai fito da su a ƙasa.

Ɗan Fagge a Dearborn:
Ni dai a ƙara wa Ditroit maki. Wanda ya san ta a 2013 lokacin da birnin ya tsiyace har ya je kotu, fitilun titi a mace, benaye masu hawa talatin ba kowa ciki sai tantabaru, in ya zo yau ba zai gane Woodward Avenue ba. Dandalin Campus Martius da rani yashi ake zubawa yara na wasa, da hunturu a mayar da shi wajen sulun ƙanƙara. Bakin kogi kana zaune kana kallon Kanada a tsallake. Tsohuwar tashar jirgin Michigan Central da ta shekara talatin da wani abu a kango, tagogi duk a farfashe, Ford ta gyara ta buɗe a 2024, na ga dattawa suna kuka a layin shiga. Garin da ya taɓa kai mutum miliyan 1.8 a 1950 ya dawo dubu 600 da 'yan kai, ace ya miƙe haka, ai a yaba.

Hajiya Nas:
A yaba kam, amma ka fita mil biyu daga wajen da aka gyara ka gani. Kuma rabin gine-ginen tsakiyar kamar na attajiri ɗaya ne, Dan Gilbert, in ya juya baya fa?

Ɗan Fagge a Dearborn:
Wannan tsoron muna da shi mu ma Hajiya. Amma tsakiyar gari aka ce a auna, kuma yau ta fi ta Los Anjalis daɗin takawa.

Alhajin Kaya:
A'a ɗana, nan kam tsaya. Ni sau biyu a shekara nake zuwa Los Anjalis sarin kaya, kuma duk wanda yace tsakiyarta ba rai bai shiga Santee Alley ran Asabar ba, kafaɗa da kafaɗa, ciniki da Sifaniyanci da hannu da kalkuleta, ni Kantin Kwari take tuna min. Ga layin 'yan gwal, ga layin furanni tun asuba, ga Grand Central Market, ga Little Tokyo. Tun dokar 1999 da ta ba da dama a mayar da tsofaffin gine-gine gidaje mutane suka dawo kwana a ciki. Matsalarta Skid Row, tantuna layi bayan layi, ka ɓata hanya da kwana ɗaya ka faɗa ciki, kuma ban taɓa ganin talauci mai ciwo irin wannan ba duk yawona. Ƙarfe biyar kuma 'yan kasuwa sun ja ƙofofi.

Baban Khalifa:
Alhaji ranka ya daɗe na karɓi wannan, Los Anjalis ta zauna inda take, Ditroit ta haura Miniyapolis, Ɗan Damagaram ka yi haƙuri. Maganar Hajiya kuma ta tsaya min a rai tun ɗazu, don in na tuna inda na fi jin ni mutum ne ba baƙo ba bayan an tashi aiki, Filadelfiya ce. Amma in na tuna kogin Shikago da yamma sai in kasa sauke ta. Na bar su biyun a na biyu tare.

Bazazzagin Shikago:
Ba a kunnen doki a wannan magana Baban Khalifa, ka dawo watan Yuni in zagaya da kai a jirgin ruwa sannan ka yanke.

Bakatsine a Hiyuston:
Mu kuma ko Finiks ba za a ɗaga mu sama da ita ba? Garin da a 2023 aka yi kwana 31 a jere zafi na kai digiri 110 a ma'aunin Fahrenheit, wa ke taka titi a can?

Baban Khalifa:
Kun fi Finiks, wannan na ba ka. Dalas ce kuke kokawa da ita, kuma su sun rufe wani yanki na hanyarsu sun yi Klyde Warren Park a kai tun 2012, da yamma cike da iyalai. Atlanta kuma ba wanda ya tashi kare ta, ko mutanenta ba sa nan ne?

Maman Ilham:
Suna nan, ƙawata tana can, tace in ba wajen Aquarium da filin Olympics na 1996 ba ba abinda ke kai ta daun tawun, Midtown suke zuwa, masallacin Al-Farooq ma ta can yake. Anti Hajiya dan Allah tunda kin san Filadelfiya, hutun yara na zuwa muna so mu yi kwana uku, ta ina ya kamata mu sauka kuma sai mun zo da mota?

Hajiya Nas:
Kada ku zo da mota, fakin zai cinye muku kuɗi. Ku hau jirgi ku sauka 30th Street Station, ku nemi masauki tsakanin City Hall da Rittenhouse ko ta wajen Washington Square. Ginin tarihi na Independence Hall ku nemi tikiti ta intanet tun kafin ku taso don lokacin hutu layi na da tsawo, tsohuwar ƙararrawar Liberty Bell kuma ba tikiti, layi kawai za ku bi. Reading Terminal ku je ran Asabar da safe kafin ƙarfe goma sha ɗaya. In kun sa rana ki min magana ta gefe, akwai mai abincin halal da nake saya a wajensa kusa da asibitin da na yi aiki, zan kwatanta miki.